Kafin jirgin Maraɗi ya fara gudu, a ware wa tsofaffi kujera

Akwai wata magana da muka saba yi wa iyayenmu a nan ƙasar Gumel da Maigatari da Ɓaɓura, muna yin ta da zuciya ɗaya, muna ganin tausayi ne: "Haba Inna, ki yi zamanki, sai a kira su a waya." An yi rasuwa a Dungas, a kira a waya. An yi haihuwa a Magarya, a kira a waya. Ƙanin tsohuwa, uwa ɗaya uba ɗaya, yana kwance rai a hannun Allah a Damagaram, sai a kara mata waya a kunne ta ce sannu, a katse kafin kati ya ƙare. Ni dai ban yarda tausayi ne zalla ba. Akwai tausayin, amma akwai gazawa a ciki. Mun bari hanyar tsallake, wato ƙetare iyaka zuwa Nijar, ta yi tsada, ta yi wuya, har ta fi ƙarfin tsoho talaka, sannan muka dawo muna lallashinsa ya haƙura. Hausawa sun ce zumunta a ƙafa take, ga shi waɗanda suka fi kowa riƙe ta su muka fara zaunarwa.

Mutumin Abuja idan ya ji an ce tafiya ƙasar waje, filin jirgi da akwati ne ke faɗo masa a rai. A wurinmu ƙasar waje ita ce garin da ake hango kukokinsa daga bakin gona. Turawan Ingila da na Faransa ne suka yi ta jan wannan layi a takarda tun daga 1890, suka sake gyara shi a 1898 da 1904 da 1906, kafin su zo su kafa alamun iyaka tsakanin 1906 da 1908. Layin ya bar wani yanki na tsohuwar ƙasar Daura a can wajen Magarya, kuma har gobe sarkin Maraɗi Sarkin Katsina ake ce masa. Tsawon iyakar ya kai kusan kilomita 1,500, ta taɓa jihohi 7 na Najeriya, har da tamu Jigawa. Auratayya ba ta tsaya ba don an ja layi. Duk wanda ya taɓa shiga kasuwar Maigatari ranar Alhamis ya san ba a gane ɗan nan da ɗan can sai an zo biyan kuɗi. Saboda haka tsohuwar da ke son zuwa Damagaram ba yawon buɗe ido za ta ba. 'Yarta ce ta haihu, ko yayarta ce ta shiga takaba, ko kuma kabarin mahaifinta ne a can. Wasu kuma ziyara ce ke kai su, Kiyota lokacin Maulidi, masu ƙarfin hali har Kaulaha a Senegal, su yi kwana da kwanaki a mota.

Mu fara da kuɗi, don shi ne ake fara kafa hujja da shi. Daga ƙauye babu motar da za ta ɗauki mutum ta sauke shi a tsallake kai tsaye. Sai an hau acaɓa zuwa bakin titi, a shiga mota zuwa Gumel, a sake wata zuwa Maigatari, a haye da babur ko a ƙafa, a can ma a sake neman wata. Kowace gaɓa da kuɗinta, kuma ƙullin kaya, ko ɗan buhun gero na gaisuwa ne, shi ma da nasa kuɗin. Ran 29 ga Mayu 2023 aka cire tallafin mai. Litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 ta wuce 1,000, kuɗin mota ya bi ta. A watan Yuni na 2023 ɗin aka saki naira ta nemi farashinta a kasuwa, ta faɗi warwas, alhali sefa tana ɗaure da yuro a kan farashi tsayayye. Wato ɗan guzirin da tsoho ya tara daga sayar da akuya, da ya miƙa wa ɗan canji sai ya ga ya tsuke a hannunsa.

Amma akwai wani kuɗin da saurayi ba ya biya, tsoho kaɗai ke biyansa. Golf da Sharon na hanyoyinmu mutum biyu ake sa wa a kujerar gaba, huɗu a baya, ana danna mutane kamar ana cusa auduga a buhu. Yaro mai jini a jika zai jure, ya sauka ya miƙe ya yi gaba. Dattijo mai ciwon gwiwa ko ciwon baya, in yana son ya isa da lafiyarsa, sai ya sayi gaba duka, wato ya biya kuɗin mutum biyu. Mai hali ya biya, marar hali ya shiga baya ya biya da jikinsa. Wannan shi ne abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya: a tasharmu, wanda ya fi kowa rauni kuma ya fi kowa ƙarancin samu, shi tafiya ta fi yi wa tsada.

Na taɓa raka gwaggona ta'aziyya tsallake cikin bazara, lokacin da zafi ke haura maki 40. Muna baya mu huɗu, ita a jikin ƙofa, ƙafafunta a kan wani galan da aka tura ƙarƙashin kujera, gwiwoyinta sun kusa taɓa ƙirjinta. Rana ta take, na ga leɓɓanta sun bushe, na fasa ledar ruwa na miƙa mata.

"Gwaggo, ga ruwa."

"Bar shi, ɗan nan, sai mun sauka."

"Ki ɗan jiƙa maƙoshi mana."

Ta girgiza kai, ta ja mayafi ta rufe baki. Sai wata mata da ke gefena ta raɗa mini cewa in ƙyale ta, tun daren jiya ba za a rasa ta daina shan ruwa ba, haka tsofaffi mata ke yi in za su hau mota. Gara ƙishirwa da a ce ta buɗe baki a gaban maza ta roƙi direba ya tsaya ta kama ruwa, a fili fetal babu ko gindin sabara. Da muka isa, ƙafarta ta kumbura har takalmin ya ƙi shiga, sai riƙe ta aka yi zuwa zauren gidan makoki.

Wannan ba ƙaramin abu ba ne a likitance. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana tun 2007 cewa zaman awa huɗu ko fiye a wuri ɗaya ba motsi, a mota ne ko a jirgi, yana ninka haɗarin daskarewar jini a jijiyar ƙafa. Ka haɗa da rashin ruwa a jiki, da hawan jini, da ciwon suga wanda ba ya son a tsallake lokacin abinci, da matsalar fitsari da ke damun dattawa maza da yawa ba sa faɗa. Araha ba ta ado, gaskiya ne, amma arahar da za ta kwantar da mutum mako guda bayan ya dawo, a ƙarshe kuɗin magani ya fi rarar da aka samu a tasha.

Sai maganar takarda. Tun 1979 ƙasashen ECOWAS suka sa hannu cewa ɗan kowace ƙasa zai shiga 'yar'uwarta ya zauna har kwana 90 ba biza. A 'yan shekarun nan kuwa mun ga yadda alƙalami ɗaya ke toshe hanya. An rufe iyaka a watan Agusta 2019, ba a buɗe Maigatari ba sai Disamba 2020, Jibiya kuwa sai Afrilu 2022. Aka yi juyin mulki a Nijar ran 26 ga Yuli 2023, aka sake rufewa, sai a Maris 2024 aka buɗe. A Janairu 2025 Nijar da Mali da Burkina Faso suka kammala ficewa daga ECOWAS, duk da cewa ɓangarorin biyu sun ce jama'a za su ci gaba da shige da fice ba biza. A duk lokacin da aka rufe, fataken dare ba su daina wucewa ba, sun san kowace ɓarauniyar hanya cikin yashi. Wa ya tsaya? Tsohon da ba zai iya zama a bayan babur ana keta gonaki da shi ba. Ni na san gidajen da aka binne uwa, 'yarta tana nan kusa, ba ta samu zuwa ba sai bayan arba'in.

Yanzu da hanya take a buɗe, abin da ke ƙasa ya dogara ne da wanda ka tarar a shinge. Na ga wani dattijo, gemunsa fari fat, an sauko da shi daga mota. Ya zura hannu cikin aljihun 'yar-shara ya fito da wata leda a naɗe, ya warware a hankali, hannunsa na rawa, ga katin zaɓe, ga tsohon katin ɗan ƙasa, ga wata takardar asibiti.

"Baba, ba wannan ba. Ina takardar tafiya?"

"Yallaɓai, gidan 'yata zan je. Gobe in Allah ya kai mu zan dawo."

Aka bar shi tsaye a rana, direba na ta danna oda, fasinjoji na gunaguni, sai da yaron mota ya je ya dawo sannan aka ce ya shiga. Kowa a motar ya san abin da yaron ya kai, kuma kowa ya san daga aljihun wa za a cire. Wanda ya tsare shi ɗin sa'ar jikansa ne. In an ce ya yi fasfo, daga Satumba 2025 ƙaramin fasfo na shekara 5 naira 100,000 ne, a ƙasar da mafi ƙarancin albashi yake naira 70,000, shi kuwa manomi ba shi da albashi ko kaɗan. Ga zirga-zirga zuwa Dutse ko Kano, ga gyaran lambar NIN in suna ko shekara ba su yi daidai ba. Duk wannan don a je suna a garin da bai kai nisan Haɗeja ba.

Na san abin da za a ce: tsaro. Ana shigo da makamai, ana fasa-ƙwauri, dole a bincika. Ban musa ba, mu da muke zaune a bakin iyaka mun fi kowa son a tsare ta. Amma binciken da ke ƙarewa da an karɓi na goro an ɗaga shinge bai kama kowa ba, talaka kawai ya tatsa. Abin da ya kamata shi ne kati ɗaya mai rahusa na mazauna iyaka, da hoto da sunan gari, dagaci ko mai unguwa ya shaida, ƙasashen biyu su amince da shi, a fara ba waɗanda suka haura shekara 60. Ba sai an ƙirƙiro sabuwar hukuma ba. Najeriya da Nijar suna da hukumar haɗin gwiwa tun 1971, hedikwatarta na Yamai, kuma ba ta rataye da ECOWAS ba. Gwamnan Jigawa da gwamnan Damagaram maƙwabta ne, sarakunanmu kuma ba su taɓa daina gaisawa ba.

A nan dole in yaba wa 'yan'uwanmu na Nijar a kan abu ɗaya. Kamfanonin manyan motocinsu, irin su Rimbo da STM, suna da lokacin tashi, kana sayen tikiti tun jiya, kowa da kujerarsa, kaya a ƙasa, a tsaya a manyan garuruwa a ci abinci a yi salla. Daga Damagaram zuwa Yamai wajen kilomita 900 ne, amma sau da yawa tsoho ya fi sauka da sauran ƙarfi a wannan doguwar tafiya fiye da gajeriyar da ya yi a Golf kafin ya kai iyaka. Ba kuɗi suka fi mu ba, tsari ne. Mu a nan sai mota ta cika, ko da za a kai azahar, tsoho na zaune a benci ba inuwa.

To wa zai biya rangwamen? Ba direba ba. Direban haya shi ma a wuya yake, ga mai, ga balas ɗin mai mota, ga kuɗin tasha, ga shingaye. Wanda ya ce a tilasta masa ya ɗauki tsoho rabin kuɗi, abin da zai faru shi ne ya ga farin gemu ya ƙara wuta. Nauyin na gwamnati ne, kuma an yi a wasu wurare. A Barazil, dokar tsofaffi ta 2003 ta ce duk motar da ke tafiya tsakanin jiha da jiha ta ware kujera 2 kyauta ga masu shekara 60 zuwa sama waɗanda samunsu bai taka kara ya karya ba, in sun cika sauran su biya rabi. Indiya ta daɗe tana rage wa maza masu shekara 60 kashi 40 cikin 100 na kuɗin jirgin ƙasa, mata masu 58 kuma kashi 50, kafin ta dakatar a 2020 lokacin korona. Mu ma nan ba baƙon abu ba ne. A Disamba 2023 gwamnatin tarayya ta biya rabin kuɗin manyan motoci a wasu hanyoyi, ta sa jirgin ƙasa kyauta na kusan mako biyu saboda bukukuwan ƙarshen shekara. A Jigawa kuwa tun 2007 gwamnatin Sule Lamido ta fara ba naƙasassu naira 7,000 duk wata, wanda ke nuna jihar ta san yadda ake zaƙulo mabuƙata gari-gari a rubuta su. Akwai ma cibiyar kula da tsofaffi ta ƙasa da aka sa hannu kan dokarta a 2018, sai dai a ƙauyenmu ban taɓa jin tsohon da ya san da ita ba. Ni abin da nake nema bai kai na Barazil ba ma: motar gwamnatin jiha guda, mai kujera ɗai-ɗai, ta riƙa tashi a kan lokaci daga Kano ta Gumel zuwa Maigatari, wata ta Ɓaɓura, layin gaba na dattawa a rabin kuɗi.

Akwai kuma abin da ba ya cin ko kwabo, wannan yana hannun ƙungiyar direbobi da 'yan kamasho. A sa doka a tasha cewa in akwai tsoho ko tsohuwa, gaba tasu ce. Direba ya tsaya bayan awa biyu a inda akwai kewaye, ba sai an roƙe shi ba, ya ce a sauka a yi alwala, kowa ya san ma'anar. Duk Juma'a muna jin hadisin da ya ce ba ya cikinmu wanda ba ya jin ƙan ƙaraminmu kuma bai san girman babbanmu ba. Tasha na cikin wuraren da ya kamata a gan shi a aikace.

Mu 'ya'ya ma da namu. In tsoho zai yi tafiya, a fita da shi da asuba, a guje wa dawowa yammacin ranar kasuwa lokacin da ake lodin mutane da dabbobi tare. Magani ya kasance a jikinsa, ba cikin buhun da aka ɗaure a bayan mota ba. A canza masa kuɗi tun daga gida wurin wanda aka sani, a rubuta lambar wayar mai masaukinsa a takarda a sa masa a aljihu. Katin rigakafin shawara da ake tambaya a iyaka, tun 2016 allura ɗaya ta wadatar har ƙarshen rayuwa, don haka wanda ya taɓa yi a adana masa katinsa, kada wani ya ce ya ƙare. Wanda bai taɓa yi ba kuma ya haura 60, sai likita ya duba shi tukuna, don allurar ta fi yi wa masu shekaru nauyi. In da hali a haɗa shi da jika. Kuɗin motar yaro ɗaya bai kai kuɗin kwanciya asibiti a ƙasar da ba ka da kowa a ma'aikata ba.

Dalilin da ya sa nake wannan magana yanzu shi ne jirgin ƙasa. A Satumba 2020 gwamnatin tarayya ta amince da aikin layin dogo daga Kano zuwa Maraɗi a kan kusan dala biliyan 2, aka ba kamfanin Mota-Engil na ƙasar Fotugal, Shugaba Buhari ya ƙaddamar a Fabrairu 2021. Kilomita 284 ne, ta Ɗambatta da Kazaure da Daura da Katsina da Jibiya, da reshe zuwa Dutse. An yi ta cacar baki a kan ko ya dace a kai dogo wata ƙasa, kuma masu kare aikin kaya suke ta ambata, kwantena da siminti da dabbobi. Ban ji wanda ya ambaci tsohuwa mai zuwa ganin jika ba. Alhali babu abin hawan da ya dace da jikin tsoho kamar jirgin ƙasa. Iyayenmu da suka hau na Kano zuwa Nguru, wanda ya isa can a 1930 ta Ringim da Gagarawa da Malam Madori da Birniwa, har yau abin da suke tunawa shi ne mutum na iya miƙewa ya taka, ya shiga bayi, ya buɗe ƙullin abincinsa, a kuɗi kaɗan. Wannan layin ya daɗe da daina zama abin dogaro, kuma sabon ba zai bi ta Gumel ko Maigatari ba, shi ya sa mu na gabas maganar mota ba za ta ƙare mana ba. Amma mutanen Kazaure da Roni da Gwiwa da Ɗambatta da Makoɗa, su jirgin zai ratsa ta ƙofarsu.

Tsorona shi ne a maimaita abin da aka yi a layin Abuja zuwa Kaduna. Tun 2021 aka fara sayar da tikitinsa ta intanet, tsarin da ya fi yi wa mai babbar waya da katin banki sauƙi, ko mai yaron da ya iya. Tashar Idu ta Abuja tana can bayan gari, kuɗin zuwa cikinta kaɗai ya isa ya kori talaka. In aka ɗauko wannan tsari aka dasa a Kazaure, jirgin zai wuce tsofaffinmu suna kallo daga gona, su koma Golf ɗinsu. 'Yan majalisarmu na tarayya da na jiha, da masu martaba na Kazaure da Gumel da Ringim, yanzu ne lokacin da za su tambayi ma'aikatar sufuri a rubuce: shin kowace tasha za ta samu tagar sayar da tikiti da tsabar kuɗi, naira ko sefa? Dandamalin hawa zai yi daidai da ƙofar tarago, ko sai an ɗaga tsohuwa an cusa? Bayin mata yana ƙasa ko sai an hau bene? Jami'an ƙasashen biyu za su duba takarda a cikin jirgi mutum na zaune, ko za a sauke kowa a Jibiya a jera a rana? Kujera nawa aka ware wa masu shekara 60 a kowane tarago, kuma a nawa? A nemi amsar tun ana zuba kankare, a karanta ta a gidajen rediyon Dutse da Kano kowa ya ji.